Tuƙin kwale-kwale a Zariya: yadda za ka fara, da yadda za ka bi ruwan daga kaka zuwa damina

Ranar da na fara sa ƙafa a kwale-kwale, a gaɓar kogin Galma ne wajen Dakace, da sanyin safiyar wata Asabar cikin Nuwamba. Na je da jamfa mai guga da takalmi sau-ciki, waya a aljihun gaba. Dattijon masuncin da na roƙa ya koya mini ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, ɗaurin aure za ka ko ruwa?" Kafin in ba shi amsa na taka bakin jirgin, jirgin ya goce, sai ga ni zaune daɓas cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba. Yaran da ke wankin babur a gefe suka sha dariya har da riƙe ciki. Wayar kuwa tun ranar ba ta sake magana ba.

In ana zancen garuruwan ruwa, Yawuri da Argungu ake ambata, masu Rigata da gasar kamun kifi. Ba mai kawo Zariya. Amma muna da abin da ya ishe mu koyo. Ga Kubanni da ta taso daga wajen Shika ta ratsa Samaru, inda aka datse ta aka yi dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello, ta gangara ta tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ta faɗa Galma. Ga Galma ɗin kanta da madatsarta, wadda ruwanta ke ƙarewa a kogin Kaduna. Sai dai ruwan da ka sani a Disamba ba shi za ka tarar a Agusta ba, ko da mashigin bai sauya ba. Duk wanda zai yi wannan wasa shekara ta zagayo, da kalanda zai yi shi.

Fara da ƙafa, kafin jirgi

Mako biyun farko ba ka buƙatar jirgi. Je ka bakin ruwan da kake so, ka zaga shi a ƙasa, ka zauna wurin masunta da masu lambu ka yi ta tambaya. Ina gurbi mai zurfi? Ina kututturen da ruwa ya rufe? Ina masu yashi suka haƙa rami? Ina ake kafa kalli da mamari? Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ta fuska biyu: ƙugiyoyin mamari na iya kama tufarka in ka faɗa, sannan in ka yaga wa mutum kalli da filafili, ka taɓa masa tuwon gidansa, kuma ba zai sake yi maka kallon arziki ba.

Daga nan sai izini. Ruwa yana da masu shi. Ka nemi Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan wurin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi abin da ya kawo ka, ya haɗa ka da mai unguwa. Dam ɗin Samaru na jami'a ne, daga shi ake ba harabar ruwan sha, saboda haka sai da rubutaccen izinin hukumar jami'ar. Madatsar da ke ba gari ruwa kuwa tana hannun hukumar ruwa ta jiha. Kubanni ta cikin gari, daga inda magudanan unguwanni suka fara zuba a cikinta, ni dai ba na ba kowa shawarar ya shige ta. Hancinka ma zai faɗa maka.

A kowane dam akwai wuri biyu da ba a kusanta ko da wasa: inda ake zuƙar ruwa zuwa matata, da inda ruwa ke tsallake bango ya zuba ƙasa. A gindin wannan zubowar ruwan juyawa yake yi kamar ana tuƙa tuwo, ya danna abu ƙasa, ya taso da shi, ya sake jawo shi baya. Gwanin iyo ma ba ya fita da sauƙi.

Iyo da rigar kariya

Ka iya iyo na aƙalla mita 50 da tufafinka a jiki, ka kuma iya tsayuwa kan ruwa na ɗan lokaci ba tare da ka firgita ba. In ba ka iya ba, ka koya a wurin ninƙaya mai tsabta inda akwai mai lura, kada ka ce a kogi za ka koya.

Ko ka iya, rigar kariya dole ce, kuma ita ce abin da za ka fara saya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare a ruwa. Mu a Arewa ba sai an ja mana kunne da dogon bayani ba. A Nuwamban 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasari ɗaliban Islamiyya da za su Mauludi. Lodi ne ya yi yawa, kuma a ruwan dam abin ya faru, irin kwantaccen ruwan da mutum kan raina.

Wajen saye, duba tambarin da ke cikin rigar. Mai lamba 50N taimakon iyo kawai take yi, ta wanda ya iya ce. Yara da waɗanda iyonsu bai nuna ba, a nema musu 100N ko sama, mai abin tallafe ƙeya. Ka sa, ka ɗaure duk maɗaurai, wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta haura kunnuwanka ta yi maka yawa, a ruwa za ta zame ta bar ka. Ka ɗaura usur a jikinta. Busa uku a jere na nufin a kawo ɗauki, kowa ya san da haka tun a tudu.

Babbar riga, dogon hijabi, zani, duk sukan sha ruwa su naɗe ƙafa. Maza su sa gajeren wando mai rufe gwiwa da riga mara nauyi. Mata su sa wando da riga mai dogon hannu, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin rigar kariya. Ƙungiyar da ta ware wa mata ranarsu, da mace mai koyarwa, za ta ga sun fi maza saurin kamawa, don ba sa shiga da gadarar ƙarfi.

Wane jirgi

Iri biyu ne a gabanka. Na farko shi ne namu na gado, kwale-kwalen katako, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki ɗaya ko a tokara da gora inda ba zurfi. Yana da nauyi, ba ya saurin juyawa, yana ɗan yoyo, amma yana da haƙuri da sabon shiga, kuma hayarsa za ka yi daga masunta ba sai ka saya ba. Na biyu shi ne kayak, wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne na yankin ƙanƙarar arewacin duniya, da shi suke farauta a teku. Na yanzu da roba ko faiba ake yi, mutum ɗaya ko biyu, filafilinsa baki biyu. In za ku saya, ku nemi wanda ake zama a samansa, ba wanda ake zura ƙafafu cikin rami ba. Tsawonsa wajen mita 3, mutum biyu sa ɗora shi kan mota ba wahala, in ya kife kuma zamewa kawai za ka yi.

Ni ra'ayina kowa ya fara da na katako, a hannun masunci, ko da wata ɗaya ne. Abin da za ka koya a wurinsa na karatun ruwa ba ya cikin bidiyon YouTube.

Kowane jirgi ya fita da ƙwarya ko yankakken galan na kwashe ruwa, da filafilin ko-ta-kwana, da igiya mai mita 15 da aka ɗaura wa ƙaramin galan a baki don jifa. Jirgin katako a ɗaure masa jarka mai lita 20 wadda ba komai ciki, a rufe ta gam, ɗaya a goshi ɗaya a baya. Kowace tana iya riƙe nauyin kusan kilo 20 a kan ruwa, ko jirgin ya cika ba zai yi ƙasa ba. Waya da makulli kuwa, bokitin fenti mai murfi ya wadatar. Da na san haka tun farko.

Shiga, zama, tuƙi

Jawo jirgin ya yi layi ɗaya da gaɓa, a ruwan da bai wuce ƙwauri ba. Wani ya riƙe. Ka sunkuya, hannu ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan, ka sa ƙafa a tsakiyar cikin jirgin daidai, sannan ka shigo da ɗayar, ka zauna nan take. Ba a taka baki, ba a miƙewa tsaye. In ka ga masunci tsaye yana jefa birgi, ka tuna shekara nawa ya yi yana yi.

Jirgi zai yi ta rawa a ƙarƙashinka, jikinka kuma zai so ya sandare. Kada ka biye masa. Saki ƙugunka ya bi jirgin, kanka ya tsaya a tsakiya, idonka a kan wata bishiya can gaba. Baba, dattijon masuncin nan da ya koya mini, yakan ce da ni, "Bar kallon ruwa, ba bashi kake bin sa ba." Wanda ya ƙura wa ruwa ido, can zai nufa.

Filafili mai baki ɗaya, in ka tsayar da shi a ƙasa ya kai maka haɓa, ya yi. Hannu ɗaya ya dafe kansa, ɗayan ya riƙe ƙasa kusa da faffaɗan bakin. Miƙa gaba, nutsa bakin gaba ɗaya, ja shi kusa da jikin jirgi, ka fitar da shi da ya zo daidai ƙugunka. In ka bar shi ya wuce baya sosai, ruwa kawai kake ɗagawa. Ƙarfin daga baya da ciki yake fitowa: ka murɗa gangar jikinka kamar mai shara da doguwar tsintsiya. Wanda ya dogara da damtse, kafin rabin sa'a ya gaji.

Nan za ka ci karo da abin da ke ba kowa haushi. Kana tuƙi ta dama, jirgi na karkata hagu, kana ta zagaye wuri ɗaya. Maganinsa a ƙarshen jan yake: da filafili ya iso ƙugu, murɗa hannun sama har babban yatsa ya kalli ƙasa, ka ɗan tura bakin waje kafin ka fitar. Wannan 'yar turawar ce ke dawo da goshin jirgi kan hanya. Na yi Asabar uku ina zagaye kafin hannuna ya gane, kuma ranar da ya gane ban san lokacin da abin ya faru ba, sai dai na ga bishiyar tana matsowa.

In ku biyu ne, na gaba ya tuƙa ta gefe ɗaya, na baya ta ɗayan, a tare. Na gaba shi ne ido, shi ke faɗin kututture da kalli. Na baya shi ne sitiyari, don haka wanda ya fi gwaninta ko nauyi ya zauna can. Tsayawa kuwa, nutsa filafili ka tura gaba. Juyawa, ka yi faffaɗan ja daga goshi ka zagayo da shi nesa da jirgi har baya.

Na kayak ya fi sauƙin miƙewa. Ɗora filafilin a ka, ka gyara riƙo har gwiwoyin hannunka su yi kusurwa daidai, nan ne mariƙarka. Baki ya shiga ruwa wajen yatsun ƙafa, ya fita wajen ƙugu, dama, hagu, ƙafar gefen da kake ja tana tokare matakinta. Ga masu ganin abin wasan yara ne, tun 1936 yake cikin gasar Olamfik, kuma Ayomide Bello ta wakilci Najeriya a tseren kwale-kwale a Tokyo.

Ku kifar da shi da gangan

Kafin kowa ya yi nisa da gaɓa, a kai jirgi ruwa iya ƙirji, kowa da rigarsa, a kifar. Sau ɗaya ya isa mutum ya san yadda abin yake, don ranar da ya zo ba shiri kada ya ruɗe. Doka ta farko, kada ka rabu da jirgin: yana iyo, kuma an fi hango shi a kan hango kanka. Ku juyo da shi, ku kwashe ruwan, ɗaya ya danne wancan baki, ɗayan ya hau ta ciki kamar mai hawa katanga.

In wani ya faɗa yana neman nutsewa, kada ka yi tsalle ka bi shi, don mai nutsewa duk abin da ya kama dannewa yake. Miƙa masa filafili ko gora, ko ka jefa igiyar. In an fito da shi ba ya numfashi, a bar ɗaga shi ƙafa sama ko matsa masa ciki. A kwantar da shi rigingine, a buɗe hanyar iska, a hura masa numfashi, sannan danna ƙirji 30, hura 2, a ci gaba. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan sa'o'i. Asibitin Koyarwa na Shika yana nan. Mutum biyu aƙalla a cikinku su je su koyi wannan a hannun ma'aikatan lafiya, karantawa kaɗai ba ta isa.

Tsargiya

Wannan ce ba a so a faɗa, ga ta kuwa a ruwayenmu. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwa take girma, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, musamman a kwantaccen ruwa mai ciyayi na bakin gaɓa. Bayan makonni sai zazzaɓi, daga baya jini a fitsari ko bayan gida. Ba alamar balaga ba ce, kamar yadda aka riƙa gaya mana muna yara. Rage tsayuwa cikin ruwa, ka zaɓi mashigi mai yashi ko dutse, ka yi gwajin kifewa a wuri mai tsabta in da hali. Duk mai shiga ruwa a kai a kai ya je gwaji lokaci-lokaci. Maganinta praziquantel, gwargwadon nauyin jiki ake ba da shi, a bar wa likita lissafin.

In kun taru

Mutum shida zuwa goma sun isa ƙungiya. Ku yi adashi ku sayi riguna tukuna, jirgi daga baya. Ku nemi wanda zai ajiye muku kaya kusa da ruwa, ku riƙa biyansa. A sami littafi guda: wa ya fita, da wane jirgi, ƙarfe nawa, yaushe zai dawo. Mutum ɗaya ya tsaya a tudu da waya da abin hawa. Jirgi ɗaya ba ya fita shi kaɗai, yaro ba ya shiga sai da yardar iyayensa, kowa kuma ya fito kafin magariba.

Yadda shekarar take tafiya

Kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ita ce lokacin sababbin shiga. Dam ya cika, ruwa ya kwanta ya fara washewa, hadari ya janye, sanyi bai kankama ba. Duk koyon da na lissafa a sama, a nan za a yi shi. Bado ya buɗe, tsuntsayen ruwa sun cika gaɓa, in ka daina tuƙi ka yi shiru har ka ji kifi na tsalle.

Hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, abokan gaba biyu gare shi. Na farko sanyi: da asuba a Zariya yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma jiƙaƙƙen mutum a cikin iskar nan, kafin ka ankara haƙoransa na kaɗawa, hannunsa ya kasa riƙe filafili. A bari sai hantsi ya dubi ludayi, kowa ya zo da busassun kaya da shayi a filas. Na biyu iska, wadda ke busowa daga arewa maso gabas. Ka fara tafiyarka kana fuskantar ta, don ta turo ka gida in ka gaji. Wanda ya bi ta da farko yana jin daɗi, dawowa za ta gagare shi. Ranar da hazo ya rufe har ba ka ganin ɗaya gaɓar, a bi gefe-gefe ko a haƙura. Amma a watannin nan ne ake yin doguwar tafiya, a nan ƙarfi ke zuwa.

Bazara, Maris da Afrilu, ruwa ya ja baya, masu noman rani na ta zuƙa da injin, duwatsu da kututture sun fito. Wannan dama ce: zaga ka haddace inda suke, ko ka zana a takarda, don in ruwa ya dawo suna nan a ƙarƙashi. Zafi kan haura digiri 35, saboda haka daga bayan asuba zuwa ƙarfe 9 ne lokacin fita, da malafa da ruwan sha lita 2 kowane mutum. A irin wannan ragowar ruwan tsargiya ta fi yawa, a kiyaye. In azumi ya faɗo a nan, a taƙaita, a koma bayan la'asar, kusa da gaɓa.

Farkon damina, Mayu da Yuni, hadari ne abin tsoro. Yakan haɗu ta gabas, yawanci da yamma, iska mai ƙarfi ta riga ruwan isowa. Da ka ga gabas ta yi baƙi, ko ka ji iska mai sanyi ta taso ba zato, nufi gaɓa mafi kusa, ba sai mashiginka ba. In ka ga walƙiya, ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin ƙarar tsawa kusan kilomita ɗaya ce. In ƙirgar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, tsawar ta yi kusa, kuma a tsakiyar dam kai ne abu mafi tsawo. Bayan tsawar ƙarshe a jira minti 30, kuma ba a gindin bishiya ba.

Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, Galma ba ta wasa ba ce. Ruwan da Zariya ke samu a shekara wajen milimita 1,000 ne, kuma kaso mafi tsoka a watannin nan yake sauka. Kogi ya yi ja, ya haye fadama, yana tafe da itatuwa, yana iya ƙaruwa cikin sa'a guda saboda ruwan da aka yi can sama wanda kai ba ka gani ba. Bishiyar da ta faɗi cikin kogi kamar rariya take, ruwa ya wuce, mutum ya maƙale. Na taɓa matsa wa Baba a wani Agusta cewa ai yanzu hannuna ya faɗa. Bai ce mini komai ba, ya ɗauki wani guntun icce ya wurga, muka bi shi da ido, kafin in ƙirga goma ya sha kwana. Ya ce, "To, ɗana, shi ma bai yi niyyar zuwa Kaduna ba."

Watannin marka na gyara ne. A jawo jiragen katako tudu, a kife su kan duwatsu, a kankare, a cusa tsumma a tsagu a bi da kwalta. Na roba a wanke, a ajiye a inuwa don rana na sa su tsagewa. A duba ɗinkin riguna da maɗauransu, wadda ta yage a fitar da ita. A ci gaba da koyon iyo, a sake bitar ceto a tudu. Sai Oktoba ta raba, a koma bakin ruwa da ƙafa kamar ranar farko, a tambayi masunta abin da ambaliya ta sauya, don mashigin bara mai yashi wataƙila bana rami ne.